Gide da Sakatar Libarba

Ga labarin Gide na Pauwa, wanda ya ji shi ya koyi kama bakinsa.

A shekarun da Bature ke yawon rangadi bisa doki, sojojin Boma ba su daɗe da dawowa ba, akwai wani mutum a Pauwa ta ƙasar Ƙanƙara ana ce masa Gide. Magidanci ne da gemunsa. Ubansa ya bar masa gona mai kyau, amma ciyawa ta fi shi zuwa cikinta. Sau ɗaya ya taɓa zuwa cin rani Kaduna, ya sami aiki a wani ɗakin gyaran ƙarafa. Aikin kuwa shara ne, ba wani abu ba. Da damina ta faɗi ya dawo gida da gajeren wando, da sukurdireba guda a aljihu, da fito a baki kamar mara mafaɗi. Tun daga ranar babu ƙarfen da ya sake samun lafiya a Pauwa. Ya gyara fitilar liman, ta daina ci. Ya gyara keken ɗan aiken mai gari, aka koma tura shi. In an yi magana sai ya ce, "Ku ai ba ku ga Kaduna ba."

Ana nan sai Sarkin Bindiga na garin ya rasu, bai bar ɗa namiji ba. Ba a gama zaman makoki ba labari ya zo cewa yayan mai gari, Malam Harisu, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun samarin garin na goye, ya dawo. Yana Sabuwa gidan 'yarsa yana hutawa, ran Juma'a zai iso. Al'adar garin kuwa, mahajjaci ba ya shiga gari sai an harba masa bindigar gari a bakin ƙofa. Ƙarar nan ita ce shela. Duk wanda ya ji ta sai ya saki abin da ke hannunsa ya fito tarya.

Bindigar garin ba irin ta maharba ba ce. Gajeriya ce ta hannu ɗaya, irin wadda ake ce wa libarba, kakan mai gari ya saye ta wurin wani Balarabe mai fataucin raƙuma. A tsakiyarta akwai 'yar ganga mai ramuka shida da ke juyawa, nan ake ɗura albarushi. Dogon hancinta ba a haɗe yake da jiki ba. Wani ɗan faffaɗan ƙarfe ake zurawa a gicciye ya kulle su tare kamar sakatar ƙofa, shi ma sakata ake ce masa. To sakatar nan ta tsufa ta cinye, har hancin na girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa.

Mai gari ya tara mutane a zaure, ya zaro ta daga cikin jakar fata ya ajiye bisa buzu.

"Wanda duk ya gyara ta, ya harba ta ran Juma'a, ya maido mani ita lahiya, shi zan naɗa wa rawanin Sarkin Bindiga. In ba a samu ba, Lawwali shi harba tashi ta farauta, rawani nashi ne."

Lawwali maharbi ne, baki gare shi kamar aska, kuma taubashin Gide ne, ba abin da ba ya gaya masa. Kafin Lawwali ya ce uffan, Gide ya tsallake ƙafafun dattawa ba ko gafara, ya ɗauke bindigar.

"Ranka shi daɗe, ai wagga ƙaramar aba ce. Irinta nawa na buɗe a Kaduna! Bature da kanshi ke tsayawa bayana yana kallo."

Lawwali ya ce, "Ƙwarai kuwa. Yana kallo kar ka tahi mashi da tsintsiya."

"Kai mi ka sani ban da bin kurege cikin ƙaya? Bindigarka ma igiya ta riƙe ta."

"Igiyar ba ta taɓa zuwa Kaduna ba, shi ya sa take aiki."

Aka yi dariya. Gide ya kaɗa hancin libarbar kusa da kunnensa kamar mai zaɓen ƙwai a kasuwa, ya ce sakata ce kawai ta mutu, kafin Juma'a zai sa mata sabuwa. Ya roƙi mai gari a wanke rawanin tun yanzu, don shi ba ya son warin ajiya.

A gida ya tarar da matarsa Saudatu tana tankaɗe. Saudatu mace ce mai kunya da tsare gida, Allah dai ya haɗa ta da abin da ya haɗa ta. Ya gaya mata dabararsa. Kawunta, Baba Audi na Ruwan Godiya a ƙasar Faskari, yana da libarba irin wannan sak. Tasa dai an juya ta tun da daɗewa ta koma cin harsashi maimakon ɗurin albarushi, harsashin kuwa babu shi, don haka rataye take a bango, baƙi na kallo.

"Bindigar da ba a harbawa mi za ta yi da sakata mai kyau? In ɗauko tashi, in sa mashi tamu. Ko shekara goma ya yi ba zai gane ba."

Saudatu ta ajiye rariya. "Malam, Kawu ko ƙuda ba ya bari shi sauka kan bindigar nan. Kuma wannan ai sata ce."

"Musanya ce. A Kaduna kullum ana yi."

"A Kaduna ba su da kawu?"

Gide ya tashi ya shige ɗaki. Washegari ya saɓa jaka ya kama hanyar Ruwan Godiya.

Baba Audi tsoho ne mai faɗa, amma yana son a yabi bindigarsa. Gide ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya isar da gaisuwar Saudatu wadda ba ta aiko ba, sannan ya ɗaga kai ya dubi bango ya yi salati.

"Baba, wa ya bar wagga dukiya tsatsa na ci? Irin wagga ko gidan Razdan babu ta!"

"Tsatsa? Ina?"

"Ta ciki ce, Baba. Ido ba ya ganinta sai wanda ya yi Kaduna. Bari in ɗan shafe maka ita da man kaɗe, don zumunci."

Can sai tsoho ya ji kiran azahar. Ya ce, "Ka shafa, amma kar ka buɗe komi." Ya ɗauki buta ya fita. Gide kuwa, maimakon ya bi shi masallaci kamar kowane ɗan Musulmi, sai ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki inda kaji ke kiwo, ya jera bindigogin biyu.

Nan ya ga abin da bai zata ba. Sakatar garinsu tana da wani siririn harshe na ƙarfe a bayanta, in an tura ta sai harshen ya ɗaga ya kama, shi ke hana ta fita. Ta Baba Audi kuwa sumul take, ba harshe, wani ɗan noti ne ƙarami kamar ƙwayar dawa ya danne ta. Mai hankali da ya ga haka sai ya mayar da kayan mutane ya tafi gida. Gide ya ce, "Wagga ce ta zamani." Ya zaro sukurdireba, ya kwance notin, ya ajiye shi a gefen tabarma, ya ƙwanƙwaso sakatar ta fito.

Yana cikin yaba kansa, wata jar kaza ta matso, ta karkata kai, ta dubi notin da ido ɗaya, ta tsince shi ta haɗiye.

Gide ya zabura. Kazar ta shige cikin 'yan'uwanta, su kuwa duk jajaye ne, uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su. Ya bi su a guje, ya yi karo da faifan daddawa da aka shanya, ya taka ƙwaryar tsaki, kaji suka tashi sama suna kururuwa. Sai ga Dada, matar Baba Audi, ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Wane mara kunya ne ke kora mani kaji? Au, mijin Saudatu! Gaisuwar ke nan?"

"Dada, taimako nike. Ɗaya daga cikinsu ta haɗiye wani ƙarfen Turawa mai dahi. In ba a yanka ta yanzu ba, mushe za ta yi."

Dada ta dafe ƙirji. Asarar kaza daban, mushe daban. "Wacce?"

Gide ya nuna wadda ta fi kusa. Aka kama, ya yi bisimilla ya yanka, ya tsaga ƙundu. Tsakuwa ce da tsaki, sai wani ƙwaro guda. Ya share hannu a gajeren wandonsa, ya dubi sauran.

"To ashe waccan ce mai ɗingishi."

"Ka sake nuna mani kaza da yatsan nan, sai na karya shi. Wadda ka yanka ma ƙwai take yi!"

"Allah shi ba ki haƙuri, Dada. Amma tun da an riga an yanka, ko a ɗan sa mata yaji?"

Muciya ta sauka a gadon bayansa. Ya kwashi bindigogin ya faɗa ɗakin Baba Audi, ya cusa tsohuwar sakatar garinsu cikin ta tsoho, ta shiga tana lilo. Ya rataye ta a bango a hankali kamar mai kwantar da jinjiri, ya tsallake danga ta baya, ya kama hanya ba sallama.

Da ya iso gida ya zauna a tsakar gida zai sa sabuwar sakata, sai ta ƙi shiga. Ta fi ramin kauri. Ya tura da yatsa, ya tura da dutse, ta shiga rabi ta tsaya. Saudatu na daka, ya karɓe taɓaryar daga hannunta, ya ɗora libarbar a kan turmin da ya kife, ya ɗaga ya maka. Sakata ta shige har ƙarshe.

"Kin gani? Ga hanci ya tsaya cak. Girgiza ki ji!"

Hanci kam ya tsaya. Ya tsaya har ya matse 'yar gangar, ta ƙi juyawa ko kaɗan. Ya ja kunama, ta ƙi motsi. Ya sa hannu biyu, ya sa gwiwa, ya sa haƙori. Sai ya ji murya daga saman danga.

"Sannu da aiki, Sarkin Bindiga. Sakwara ake dakawa?"

Lawwali ne ya leƙo, yana cin gyaɗa.

"Tahi ka ba ni wuri. Horar da ita nike."

"Na ga alama. Ta horu har ta daina numfashi. In aiko maka da igiya?"

Gide ya juya masa baya. Ya nemo ƙusa ya ɗora a ɗaya gefen, ya sake ɗaga taɓarya. Duka na farko ya sami babban yatsansa. Na biyu ya sami ƙusar, sakata ta fice kamar an harba ta, ta wuce ta gefen kunnen Saudatu, ta huda tulun ruwa. Ruwa ya malale tsakar gida, Lawwali ya faɗo daga kan danga don dariya.

Daga nan Gide ya ce kauri ne ya yi mata yawa, sai an rage. Magagari ba shi da shi, kuma girman kai ya hana shi zuwa maƙera aro. Sai ya hau dutsen niƙan Saudatu. Ya wuni yana goga ƙarfe a kan dutsen da ake niƙa abincin gida, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Tuwon ranar baƙi ya fito, yana ƙaras-ƙaras a haƙori.

Saudatu ta ajiye masa akushi ta ce, "Ci, Malam. Tuwon Kaduna ne."

Da ya gwada sakatar, sai ta shiga sumul. Ta shiga ta nan, ta fita ta can, ta faɗi ƙasa. Ya rage ta fiye da kima. Harshen da zai kama babu, notin da zai danne yana cikin wata kaza a Ruwan Godiya. Ya zauna ya yi tagumi, can sai ya yi tsalle. Ya samo ƙaro ya jiƙa, ya shafe sakatar da shi, ya zura, ya shanya a rana. Da ya bushe ya girgiza, shiru.

"Ko Baturen da ya ƙera ta bai san wagga dabara ba."

Ran Alhamis da hantsi ya ce zai gwada. Saudatu ta tare ƙofa.

"Malam, ka manta? Duk wanda ya ji ƙarar bindiga cewa zai yi Alhaji ya iso."

"Fadama za ni, can nesa. Albarushi ɗan kaɗan zan sa. Ko zomo ba zai ji ba."

Ya tafi fadama, ya ɗura ɗan kaɗan a rami ɗaya, ya ɗora 'yar hular tagullar da ke tayar da wuta, ya kau da kai, ya rufe ido, ya ja. Ta ce fau! Ba wata ƙara ba ce, amma iska ta nufi gari, kuma duk garin kunne a buɗe yake.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Makaɗa suka fito suna ɗaure ganguna a guje. Wanzami ya bar mutum da rabin kai a aske. Mai gari ya fito da rawani rabi a kai rabi na jan ƙasa. Mahauci kuwa, da aka ce masa da jin ƙara ya yanka, bai jira komai ba, ya kwantar da ragon tarya ya yanka. Duk gari ya kwarara bakin ƙofa ana kabbara. Suka tarar da wani mai itace da jakinsa, ya tsaya yana rantsuwa bai yi komai ba.

Sai ga Gide ya ɓullo daga fadama yana fito, libarba a kafaɗa.

Mai gari ya dube shi, ya dubi hayaƙin da ke bin bayansa. "Gide, kai ne?"

"Ranka shi daɗe, gwaji ne. A Kaduna ba a ba da aiki sai an gwada. Kun dai ji da kunnenku, bindigar kakanka ta tashi!"

Ran mai gari ya ɓaci, amma ya karɓi bindigar ya girgiza, ya ji hanci ba ya motsi. Ya mayar masa. "Ragon Alhaji ya tahi a banza, akuyar gidanka ta maye gurbinshi gobe. In ka harba lahiya, maganata na nan, rawani naka ne."

Akuyar kuwa ta Saudatu ce. Ranar ko ruwa ba ta miƙa masa ba.

Lawwali ya bi shi har ƙofar gida. "Taubashi, wannan ce ƙarar? Wallahi jakin mai itacen nan in ya ci ƙaiƙayi ya fi ta ƙara. Gobe gaban mutanen Sabuwa za ka yi muna wagga 'yar tusa?"

Maganar nan ta shiga Gide har ƙashi. Ran Juma'a da safe ya cika ramukan nan shida da albarushi har baki. Ya danna tsumma, ya danna laka a kai, ya daddage da ƙusa. Ya je wurin wanzami aka yi masa aski ƙwal, ya shafe kan da mai don rawani ya zauna da kyau. Ya ari babbar riga ya rufe gajeren wando. Hula ma bai sa ba, wai kar a ɓata lokacin cirewa.

Bayan an sauko daga masallaci aka taru a bakin ƙofar gari, ƙarƙashin wata babbar ɗorawa wadda masu zuma suka rataya amya a rassanta. Gide bai tsaya a inuwa ba. Ya fita tsakiyar fili cikin rana inda kowa zai gan shi, ya riƙe libarba a ƙirji. Rana ta dake shi, ta daki ƙarfen, gumin hannunsa ya jiƙa ƙaro. Shi dai hankalinsa na kan rawanin da wani bafade ke riƙe da shi bisa faifai.

Can sai aka hango ayari daga hanyar Sabuwa. Alhaji Harisu ne bisa farar goɗiya, ya tsufa ya rame, gemu fari fat, mutanen Sabuwa na biye da shi da tutoci. Mata suka fara guɗa. Al'ada ita ce a bari sai goɗiya ta kawo daidai ƙofa, mai gari ya ɗaga hannu, sannan a harba.

Ta ɗaya hanyar kuma, ta wajen Faskari, sai ga jaki na sukuwa. Baba Audi ne a kai, babban yatsan ƙafarsa naɗe da tsumma ya yi kamar tulu. Hannunsa na dama gindin bindiga, na hagu hancinta. Dada na biye da shi a ƙasa, da 'yan Ruwan Godiya masu son kallo.

Yana ihu tun daga nesa. "Ina mijin Saudatu? Ku riƙe mani shi! Na sauko da ita in nuna wa baƙo, hanci ya faɗo mani a yatsa! Ɓarawon sakata!"

Dada ta ɗora, "Da kaza!"

Mutane suka fara waiwaye. Mai gari ya juya zai tambayi abin da ke faruwa. Gide ya ga in tsohon nan ya iso gaban mai gari kafin a harba, rawani ya tafi. Bai jira hannu ba, bai jira goɗiya ba. Ya ɗaga libarba sama, ya yi kirari da ƙarfi, "Sai ni Gide na Kaduna!" ya ja kunama.

Ba a taɓa jin ƙara irin wannan a ƙasar Ƙanƙara ba. Hayaƙi ya rufe fili. Sakata ta yi gabas tana fito. Hancin bindigar kuwa ya rabu da jikinta ya tashi sama yana juyi, kowa ya ɗaga kai yana bin sa da ido, har ya shige cikin ɗorawa, ya soke amya mafi girma ya tsaya a ciki.

Da hayaƙi ya washe sai ga Gide tsaye, fuska baƙa wuluk, gira ta ƙone, gindin bindiga kaɗai a hannunsa, yana dubansa.

Lawwali ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji wani guuu daga sama.

Ƙudan zuma ba su san mai gari ba, ba su san liman ba. Makaɗa suka zubar da ganguna. Mutanen Sabuwa suka jefar da tutoci suka nufi hanyar da suka fito. Jakin Baba Audi ya juya da kansa ya koma Faskari, ya bar mai shi a ƙasa. Alhaji Harisu, wanda ya ratsa hamada da teku ba abin da ya taɓa shi, ya diro daga goɗiya ya tattare riga, ya shiga garinsu da gudun da bai yi ba tun yana yaro. Amma mafi yawan ƙudan sun zaɓi abin da ya fi ƙyalli a filin, wato askakken kan nan mai mai. Gide ya yi gudu, ya yi birgima, ya tura kai cikin babbar rigar aro, suka bi shi ciki. Sai da ya faɗa kududdufin bayan gari suka rabu da shi.

Bayan la'asar, da ƙura ta lafa, dattawa suka ce wannan shigar ba ta yi ba. Aka sake fito da Alhaji bakin ƙofa, ido ɗaya a rufe, aka ɗora shi bisa goɗiya nesa da ɗorawa. Lawwali ya harba tasa ta farauta, ta yi ƙararta yadda ta saba, Alhaji ya shiga gari a mutunce.

Aka kawo Gide zaure, ruwan kududdufi na ɗiga, kai ya kumbura ya yi biyun na da. Mai gari na zaune, leɓensa na sama ya yi suntum, da ƙyar magana ke fita.

"Ina bindigar kakana?"

Gide ya miƙa gindin da hannu biyu. "Ga mafi yawanta, ranka shi daɗe. Sauran ma ba ta ɓata ba, kowa ya ga inda ta shiga."

"Tun da ka gani, kai za ka hau ka ɗauko. Ka bi ciyawa ka nemo sakatar Malam Audi. Sukurdireban nan kuma ka aje shi nan." Ya juya ga bafade. "Kawo rawani. Lawwali, matso."

Gide na kwance a tsakar gida lokacin da kiɗan naɗi ya tashi. Saudatu ta jiƙa wani tsohon zane cikin ruwan kanwa, ta durƙusa tana naɗa masa a kumburarren kai. Idanunsa sun rufe saura 'yar tsaga, amma bakin na nan.

"Ke kin ji ƙarar nan kuwa? Har Sabuwa sai an yi shekara ana zancenta. Lawwali ko ya mutu ya dawo ba zai iya tashin hanci sama haka ba."

Ta ci gaba da naɗi.

"Saudatu, ɗan bar mani jela ta sauko bayan wuya, irin na masu sarauta."

Ta kama bakin zanen biyu ta ja da ƙarfi, ta ƙulle. Ihun da ya yi har makaɗan suka ji.

Sai ga sallama a ƙofar gida. Baba Audi ne, ya dogara sanda, Dada na riƙe da igiyar hawa da ta aro wurin masu zuma.

"Mijin Saudatu! Hito tun da sauran rana. Ƙudan na can bisa suna jiranka."

Nan labarin ya tsaya, Gide kuwa ya hau.